Tambayar da ke buɗe bakin gwani



Duk wanda ya daɗe yana bibiyar hirarrakin da ake yi da marubuta da mawaƙa da masu zane a jaridu da rediyo zai iya karanto tambayoyin da ka tun kafin a yi su. Za a fara da "a taƙaice mu ji tarihinka", a bi da "me ya ja hankalinka ka shiga wannan harka", sai nasarori, sai ƙalubale, a rufe da "wane kira za ka yi ga gwamnati da matasa". Amsoshin ma sanannu ne. An haife shi a unguwa kaza, ya yi firamare da sakandare, tun yana yaro yake sha'awar abin, nasara alhamdu lillahi, ƙalubale kuwa rashin jari da 'yan hassada. A yi godiya a yi sallama, mai karatu bai ƙaru da ko kalma ɗaya ba game da yadda aka yi littafin ko waƙar ko zanen da ya sa aka gayyato baƙon. Idan ka cire sunan wannan baƙo ka sa na wancan, ba wanda zai gane.

Mu masu koyon rubutu wannan asara ta fi shafa. Abin da muke nema a wurin wanda ya riga mu shi ne yadda ya yi: me ya fara rubutawa, me ya goge, a ina ya cije, ta wace hanya ya fita. Irin wannan ilimi ba kasafai gwani ke zama ya rubuta shi da kansa ba. Yana cikin kansa, kuma ba ya fitowa sai an yi masa tambayar da ta dace. Shi ya sa muke so a wannan mako mu leƙa wata duniya da ta ɗauki hira da muhimmanci, wato duniyar masu zane da sassaƙa na zamani da masu shirya musu baje koli, mu ga abin da za mu tsinta a can.

A wannan duniya akwai mutumin da shi ba ya zane, ba ya sassaƙa, amma ba a baje koli sai da shi. Shi ke zaɓo ayyukan da za a nuna, ya yanke shawarar wanne za a rataya kusa da wanne, ya rubuta bayanin da mai kallo zai karanta. Mu kira shi mai tsara baje koli. Kusan irin aikin edita ne a wajen marubuta. Daga cikin masu wannan sana'a akwai Hans Ulrich Obrist, mutumin Suwizalan da aka haifa a 1968. Baje kolinsa na farko a 1991 ya yi shi, a kicin ɗin gidan da yake zaune, saboda a lokacin nan ne wurin da yake da shi. Tun 2006 yake aiki a zauren baje koli na Serpentine da ke Landan. Amma abin da ya fi fito da sunansa shi ne hira. Tun yana saurayi yake bin masu fasaha har ɗakunan aikinsu, daga baya ya fara naɗar abin da suke faɗa, har abin da ya tara ya haura awa 2,000. A shekarar da ya fara aiki a Serpentine, shi da mai zanen gine-gine Rem Koolhaas sun zauna awa 24 cur suna hira da mutane gommai, wannan na tashi wancan na zama, a gaban jama'a.

Yawan awannin bai dame mu ba, domin da yawa kawai ake cin gasa da mai surutu ya fi kowa. Abin da ya tsaya mana a rai tambaya ɗaya ce da kusan ba ya barin ta a kowace hira: wane aiki ne ka so ka yi amma ba ka samu ka yi ba? Ya sha faɗa cewa wani mai fasaha ɗan Italiya, Alighiero Boetti, shi ya fara nuna masa wannan hanya tun yana matashi, ya ce masa ya riƙa tambayar masu fasaha abin da suke mafarkin yi amma ba a ba su dama ba. Har littafi guda aka buga a 1997 mai ɗauke da irin waɗannan ayyuka 107 da ba a taɓa aiwatarwa ba.

Ku dubi abin da wannan tambaya take yi. Idan ka tambayi mutum nasarorinsa, zai ba ka abin da ya riga ya faɗa sau hamsin, wanda ya goge har ya yi santsi. Idan ka tambaye shi aikin da ya gagare shi, dole ya tsaya ya yi tunani, kuma a cikin amsar za ka ji abu biyu: inda zuciyarsa take son zuwa, da abin da ya tare masa hanya. Wani kuɗi ne suka hana shi, wani tsoron abin da za a ce, wani mai buga littafi ne ya ƙi, wani kuwa shi da kansa ne bai ga ya isa ba tukuna. A ƙaddara an yi wa marubutanmu ashirin wannan tambaya. Da mun san littattafai nawa ne ke kwance a ƙasan akwati, da dalilin kwanciyarsu, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna mana halin da adabinmu yake ciki fiye da dogon jawabi a ɗakin taro.

Obrist ma ba shi ya fara ba. Cikin littattafan da yake cewa sun sa shi a hanya akwai hirarrakin da mai sharhin zane David Sylvester ya yi da Francis Bacon, mai zanen da ya yi yawancin rayuwarsa a Landan. Sun fara a 1962, littafin farko ya fito a 1975, suka ci gaba har cikin shekarun 1980. Mutum ɗaya yana komawa wurin mutum ɗaya sama da shekara ashirin, kuma kusan duk maganar a kan zanen take. A nan ne Bacon ya bayyana cewa ya fi son zana abokansa daga hotunansu a kan su zauna a gabansa, domin zamansu a ɗakin yana takura shi. A nan ne ya yi dogon bayani kan yadda yake dogara da katari, yadda fenti kan faɗi inda bai nufa ba ya buɗe masa hanyar da bai hango ba. Wane marubuci ne bai san wannan ba? Ka zauna da niyyar kashe jarumarka a babi na tara, wata jimla ta suɓuce maka a babi na shida ta sauya labarin gaba ɗaya. Ga mai zane yana faɗin abin da muke ji a jikinmu, kuma ya faɗa ne saboda wanda ke tambayarsa ya ƙura wa zanen ido shekara da shekaru kafin ya buɗe baki.

Kada a ce abin na Turawa ne kaɗai. Ga El Anatsui, ɗan Ghana da aka haifa a 1944, wanda ya koyar a Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka tun daga 1975. Wanda ya ga aikinsa a hoto zai ɗauka wani ƙaton mayafi ne na zinariya aka rataya a bango. Sai ka matso ka tarar marafan kwalabe ne dubbai, aka daddaƙe su aka ɗinke da wayar tagulla. Gani ya kori ji, amma a nan gani kaɗai bai wadatar ba. A hirarraki ne ya bayyana cewa marafan na kwalaben barasa ne, kuma barasa tana cikin hajojin da Turawa suka riƙa kawowa gaɓar Afirka ta Yamma a zamanin cinikin bayi, don haka ƙyallin da kake sha'awa yana ɗauke da wani tarihi mai ɗaci. A hira ne kuma aka san cewa ba ya ƙayyade yadda za a rataya aikin. Yakan bar wa masu tsara baje koli su naɗe shi ko su shimfiɗa shi yadda suka ga ya dace da wurin, shi ya sa aiki ɗaya kan fito da fuska daban a gari daban. Da an tsaya a kan "mu ji tarihinka", da waɗannan abubuwa biyu ba su fito ba.

Akwai kuma Okwui Enwezor, haifaffen Kalaba a 1963, wanda ya fara a matsayin mai rubuta waƙoƙi da sharhi kafin ya zama mai tsara baje koli. A 1994 ya kafa mujallar Nka don a samu inda za a riƙa tattauna fasahar Afirka ta zamani. A 2002 ya jagoranci Documenta, babban baje kolin da ake yi a birnin Kassel na Jamus duk bayan shekara biyar, kuma shi ne na farko da ba Bature ba da ya riƙe wannan matsayi. Kafin a rataya ko zane ɗaya a Kassel, sai da ya shirya zaman tattaunawa a sassan duniya daban-daban, ɗaya daga ciki a Legas, inda aka yi magana kan biranen Freetown da Johannesburg da Kinshasa da Legas ɗin kanta. A wurinsa tattaunawar ma wani ɓangare ce na baje kolin. Ya rasu a watan Maris na 2019 yana da shekara 55, wata guda bayan rasuwar Bisi Silva, wadda ta kafa cibiyar fasahar zamani ta CCA a Legas a 2007. Cikin mako kaɗan Nijeriya ta rasa biyu daga cikin manyan masu wannan sana'a.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya sa maganar take da gaggawa. Baje koli ba kamar littafi yake ba. Bayan wata biyu ko uku a sauke komai, a shafe bango, a mayar wa kowa kayansa. Abin da ya rage sai 'yan hotuna da abin da ke kan waɗanda suka shirya shi. Obrist ya lura da haka, ya bi dattawan sana'arsa yana naɗar maganarsu. Lokacin da littafin hirarrakin ya fito a 2008, Harald Szeemann da Walter Hopps sun riga sun rasu a 2005, Pontus Hultén a 2006. Da ya ce bari ya jira ya samu sarari, da sai dai ya je ta'aziyya.

Mu ma muna da irin waɗannan dattawa, kuma ajali ba ya jiran mai rikoda. Kowa ya san fuskar Ladi Kwali a bayan takardar naira 20. An san ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, a 1954, an san ta zaga ƙasashen Turai da Amurka tana nuna gwanintarta, an san ta rasu a 1984. Amma yawancin abin da muke karantawa game da ita daga bakin wasu ya fito. Ƙadangaru da kifaye da kunamun da take zanawa a jikin tulu, ina ma a ce muna da littafi guda na yadda ita da bakinta take bayyana su. A ɗaya gefen kuma, ga Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta zauna da ita a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950 tana rubuta abin da take faɗa. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954, har yau ana karanta shi. Bambancin matan nan biyu a wannan fuska shi ne ɗaya ta samu wadda ta zauna ta saurare ta makonni da alƙalami a hannu.

Wani zai ce al'adarmu ba ta ba da wannan dama ba. Yaro ba ya tsare babba da tambayoyi, babba kuma ba ya zama yana yabon kansa, ga kuma sirrin sana'a da ba kowa ake faɗa wa ba. Gaskiya ne, kuma mun ga hakan da idonmu. Shekarun baya wata hidima ta kai mu cikin birnin Zariya, aka haɗa mu da wani dattijo mai zanen riga, irin waɗanda ke fitar da zanen a jikin yadi da alƙalami da tawada kafin maɗinka su bi da zare. Da aka nemi ya ba da tarihinsa, jimla biyu ya yi: ya gada wurin mahaifinsa, kuma Allah Ya rufa asiri. Ya yi shiru, ya ci gaba da jan carbinsa. A gefensa akwai wata riga da bai gama zanawa ba. Sai muka nuna wani wuri a jikinta muka ce, "Baba, a gafarce mu, waɗannan asaken me ya sa ba su yi tsawo ɗaya ba?"

Ya ajiye carbin ya jawo rigar kan cinyarsa. "Kai, yaran nan," in ji shi, "ai riga ba a bango ake kafa ta ba, a jikin mutum take tafiya." Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya ce ba ya sa alƙalami sai ya san tsawon mai rigar da faɗinsa. Ya ce idan ya san maɗinkin da zai karɓa mai nutsuwa ne yakan matse zanen, idan mai gaggawa ne yakan sassauta masa don kada ya ɓata. Ya nuna mana aska takwas da tambari, da inda almajirai suka fi yin tuntuɓe. Sai da aka kira la'asar ya tsaya. Da za mu tashi muka gwada masa waccan tambaya, ko akwai zanen da yake so ya yi bai samu ya yi ba. Ya ɗan yi dariya ya ce akwai wani da yake kansa tun yana da ƙarfin ido, amma ɗinkinsa zai ci watanni, kuma masu kuɗin yanzu sun fi son na keke a gama a mako guda. Ya ce ko a takarda bai taɓa sauke shi ba.

A nan muka fahimci cewa kunya tana hana mutum magana a kan kansa, amma ba ta hana shi magana a kan abin da ke gabansa. Dattijon da ba zai taɓa cewa "ni gwani ne" ba zai yi awa guda yana gyara maka fahimtarka game da layi ɗaya. Don haka ka kai tambayarka kan aikin, ka bar mai aikin ya huta. Marubuciyar da ka ce wa "me ya ja hankalinki" za ta ba ka amsar da ta saba. Wadda ka ce wa "Hajiya, a babi na huɗu kin bar uwargida ta yi shiru a inda kowa ke jiran ta yi faɗa, me ya sa?" za ta san ka karanta, kuma za ta biya ka da abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Irin wannan tambaya ba a aro ta. Sai ka karanta littafin, ka saurari waƙar, ka tsaya gaban zanen har wani abu ya ɗaure maka kai. Wannan ɗaurin kan shi ne tambayarka.

Amma fa a yi hattara da wani abu. An ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, ba a ce ta fi gaskiya ba. Mai fasaha yakan manta, yakan gyara labari, yakan ɓoye wanda ya koya masa, wani lokaci ma bai san dalilin da ya sa ya yi abin da ya yi ba, sai ya ƙirƙiro dalili saboda an tambaye shi. Abin da ya faɗa shaida ce mai daraja, sai dai ba ita ce hukuncin ƙarshe a kan aikin ba. Shi ya sa komawa take da amfani. Abin da aka faɗa maka a zama na farko sau da yawa na baƙi ne. A zama na biyu da na uku, bayan ka sake duba aikin ka dawo da sabuwar tambaya, a nan ake fito maka da na 'yan gida.

Sannan mu sani cewa hira ma rubutu ce, tana da wahalarta. Mujallar Paris Review, wadda ta fara hira da marubuta a 1953 da E. M. Forster, kuma ta buga tata da Chinua Achebe a 1994, ta saba ba wa marubucin dama ya duba rubutun ya gyara kafin a buga. Sylvester ma bai ɓoye ba cewa ya tace maganar Bacon ya sake jera ta. Maganar baki tana da maimaici da kwana-kwana, dole a share mata hanya kafin ta karantu. Gwanintar ita ce ka rage ba tare da ka kashe muryar mai maganar ba. Idan Basakkwace ne, ka bar masa sakkwatancinsa. Idan ya kira wani kayan aiki da sunan da ba ka taɓa ji ba, ka tambaye shi ya maimaita, ka rubuta shi yadda ya faɗa, domin wataƙila a duk ranar wannan kalma ce mafi tsada da ka samu. Wanda ya sauke hirar awa ɗaya daga waya zuwa takarda zai koyi yadda mutane ke magana da gaske, kuma zancen taurarin labarinsa ba zai sake zama kamar karatun sanarwa ba.

Kayan aikin suna aljihun kowannenmu. Abin da ya rage shi ne ladabi: a nemi izini kafin a kunna waya, a faɗi inda za a buga, a rubuta rana da wuri, a karanta masa abin da aka rubuta kafin ya fita, abin da ya ce a cire kuma a cire. A ajiye sautin a wuri biyu, domin waya tana faɗawa ruwa.

Ga abin da muke roƙo. Kowannenmu ya zaɓi mutum ɗaya a cikin wannan wata: marubuciyar da kake karantawa, mai ɗaukar hoto, mai zanen lalle, marini, magini mai yi wa soro ado, malamar zane a makarantar unguwarku, ko ma'aikacin gidan adana kayan tarihi da ya san dalilin da ya sa aka ajiye wannan kusa da wancan. Ka fara zama da aikinsa, ka fito da tambayoyi biyar da ba za su yi daidai da kowa ba sai shi. Ta shida kuma ka tambaye shi aikin da bai samu ya yi ba. Wanda ya kammala ya kawo mana mu karanta tare, mu ga wace tambaya ce ta buɗe bakin gwani, wacce ce kuma ta rufe shi.

Allah Ya ƙara wa dattawanmu lafiya da nisan kwana, Ya ba mu kunnen saurare. Sai mako mai zuwa idan Mai Duka Ya kai mu.